Wa Ya Ɗinke Bakin Ma'aikaci?

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, musamman na nan gida Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kuma na san akwai wadda za ta ji haushina kafin ta kai ƙarshen waɗannan shafuka. To ta yi haƙuri, domin ni ma ban tsira daga zargin da zan yi ba, hasali ma da kaina zan fara.

A cikin littafina na biyu akwai wata yarinya da na sa a ofishin da tauraron labarin yake aiki. Na zana ta mummuna, mai ƙananan idanu, mai leƙe-leƙe, ba ta da sana'a sai laɓewa a bayan ƙofa. Ita ce ta kai rahoto wurin manya cewa tauraron yana taɓa kuɗin ofis, aka dakatar da shi, har aka kusa fasa aurensa. A ƙarshen littafin sai na haukatar da ita, ta bi bola tana tsince-tsince. Masu karatu suka yi ta aiko mini da saƙo suna cewa Allah Ya ƙara, munafuka ta ga abin da ya ishe ta. Ni kuwa ina ta jin daɗi wai na iya rubutu. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, shin yaron nan ya taɓa kuɗin ko bai taɓa ba? Da na koma na karanta littafin a bana, sai na tarar ashe ni da hannuna na rubuta cewa ya ɗiba, wai don ya haɗa lefe. Kun ji fa. Ɓarawon na ba shi amarya da mota, wadda ta faɗi gaskiya na ba ta hauka.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku tuna littattafan da muka taso muna aro a hannun ƙawaye, da waɗanda ake karanta mana a rediyo, da na cikin waya na yanzu, har da finafinai. Duk inda aka nuna mutum ya kai rahoton wani a wurin aiki, to za ku ga ko masinja ne mai hassada, ko sakatariya ce da ta so oga ya ƙi ta, ko 'yar aiki ce mai tsegumi. Da wuya ki ga an nuna mai hankali, mai kamun kai, wanda ya ga ɓarna ya yi kwana da kwanaki yana juyi a kan gado, sannan ya tashi ya faɗa domin tsoron Allah. Mu marubuta mun yi shekaru muna koya wa yarinya cewa kai ƙara aikin munafuki ne, sannan mu dawo a gabatarwar littafi muna kukan cewa ƙasa ta lalace.

Abin da ya sa na koma na buɗe tsohon littafin nan wata ƙanwata ce, 'yar ƙanwar babarmu. Bari in kira ta Ladi, ba sunanta ke nan ba. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibitin karkara a yankinmu, ba zan faɗi garin ba balle asibitin. Aikinta ranar awon yara shi ne ta ɗaura ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen yaro. Idan ya faɗa a ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, sai a rubuta shi cikin masu tamowa mai tsanani, a ba uwarsa madarar nan ta leda da wasu ke kira madarar kwamaso. Kun san ta, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki aka kwaɓa wuri ɗaya. Kowace leda giram 92 ce, kwali ɗaya yana ɗauke da leda 150, kuma kwali ɗayan nan shi ne kimanin abin da yaro ɗaya yake buƙata ya farfaɗo a cikin mako shida zuwa takwas. Ku riƙe mini wannan lissafi, kwali ɗaya, yaro ɗaya. Kyauta ake ba da ita, ba ta sayarwa ba ce.

A watanta na huɗu da fara aiki Ladi ta lura cewa a cikin rajista akwai sunayen yaran da ita ba ta taɓa auna su ba, alhali ita ce mai awon. Sannan ta lura cewa ana sauke kaya ranar Litinin, kafin Alhamis a ce wa iyaye mata ta ƙare, ku dawo mako mai zuwa. Wata rana da ta yi yamma a wurin aiki, da idonta ta ga ana ɗaure kwali uku a bayan babur. Washegari wata mata ta zo daga wata ruga da ɗanta a goye, tef ya faɗa ja, aka ce mata ta ƙare. Makon da ya zagayo matar ba ta dawo ba. Har yau Ladi ba ta san dalili ba, kuma rashin sanin nan shi ne ya hana ta barci.

Ta zo ɗakina bayan sallar isha'i, ta zauna a bakin gado ko hijabi ba ta cire ba. Ta ba ni labari kaf, sannan ta ce, "Yaya, in faɗa ko in yi shiru?"

Wallahi ina jin kunyar rubuta amsar da na ba ta. Ni mai wa'azi a littafi, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ke Ladi, wa ya aike ki? Ki rufa wa kanki asiri mana."

Da ta gaya wa mijinta, cewa ya yi, "Da kyar aka samo miki aikin nan, har yau ba a ba ki takardar dindindin ba. Su wa kike da su a sama da za su tsaya miki?" Da maganar ta kai kunnen Inna, sai ta kira ta ɗaki ta ce, "'Yar nan, kada ki zama sanadin raba wani da abincinsa. Mutumin nan mata biyu gare shi da 'ya'ya rututu. Kuma amaryarsa ai 'yar gidan kawunku ce, da wane ido za ki dube ta ranar suna?"

Ku duba da kyau. A cikinmu mu ukun nan babu wanda ya ce sata abu ne mai kyau. Amma kuma a cikinmu babu wanda ya tambayi yaron da aka goyo daga ruga. Oga bai ma san Ladi ta gani ba, bai yi mata barazana ba, bai ba ta toshiyar baki ba. Mu da muke son ta, mu muka ɗauko allura da zare muka fara ɗinke mata baki tun daga gida. Kuma haka abin yake a garuruwanmu, domin a Kazaure ko Roni ko Gwiwa idan kika ja zare ɗaya sai kin jawo dangi, wanda ba ɗan uwanki ba surukinki ne, wanda ba surukinki ba maƙwabcin gidanku ne.

To wai shin abin da Ladi take son yi gulma ne? Nan ne muke cakuɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Rufin asiri da addini ya kwaɗaitar da mu a kai shi ne na mutumin da ya zame tsakaninsa da Ubangijinsa, laifinsa bai taɓa haƙƙin kowa ba. Amma wanda yake cin haƙƙin jama'a, kuma yana kan ci, rufa masa asiri tona asirin waɗanda ake cuta ne. Duk wadda ta je Islamiyya ta karanta Riyadus Salihin ta san Imamu Nawawi ya kawo wurare shida da aka halatta a ambaci laifin mutum ba ya nan, kuma a cikinsu akwai kai kukan zalunci ga mai ikon tsayar da shi, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin mutane daga sharri. Bambancin a fili yake. Mai gulma tana kai magana inda ba za a gyara komai ba, gidan biki ko bakin famfo, don a yi dariya. Mai shaida kuwa tana kai ta inda za a gyara. Abin mamaki, mu gulmar ce ba ma jin kunyarta. Duk unguwa an san wane yana sayar da maganin asibiti, ana ta yi da shi a tsakar gida, amma ranar da wata ta rubuta takarda ta sa hannu, ita ce za a kira munafuka.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a Kano, don ku ga abin da shiru yake jawowa da kuma abin da bakin ma'aikaci ɗaya yake iya buɗewa. A shekarar 1996, ina ƙarama a lokacin, annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa ta kashe mutane sama da 10,000, mafi yawansu yara. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, shi bai yi laifi ba. Iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba.

Ta yaya duniya ta ji? Ta bakin mutanen ciki. Wani likitan yara ma'aikacin kamfanin, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugaban kamfanin takarda yana nuna damuwa a kan yadda aka yi gwajin. Ba a jima ba aka sallame shi daga aiki, kamfanin ya ce sallamar ba ta da alaƙa da takardar. A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta buga labarin. Da aka fito da wata takardar izini da aka ce kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne ya bayar a 1996, shugaban asibitin, Dakta Sadiq Wali, ya fito ya ce a wancan lokacin asibitin ma ba shi da irin wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, sai rahoton ya shige aljihun tebur ya kwanta shekara biyar. A 2006 wani bawan Allah da ya nemi a sakaya sunansa ya miƙa wa jaridar kwafin rahoton. A 2007 gwamnatin Kano ta shigar da ƙara, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, sannan a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya. Shekara 15 ke nan daga ranar da aka goyo yaran zuwa asibiti. Kuma ku tuna, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Ɓarnar da aka rufe a ɗaki ɗaya sai da ta hana iyaye yarda da maganin da zai ceci 'ya'yansu.

Yanzu bari in juyo kan gwamnati, domin ita ma tana da nata kason. A watan Disamba na 2016 gwamnatin tarayya, ta hannun ministar kuɗi Kemi Adeosun, ta fito da shirin ƙwarmato. Aka ce duk wanda ya tsegunta inda aka ɓoye kuɗin gwamnati har aka ƙwato su, za a ba shi tukuici daga kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Da farko abin ya yi armashi. A watan Afrilu na 2017 hukumar EFCC ta shiga wani bene a Ikoyi ta Legas ta fito da dala sama da miliyan 43 a jere cikin durowa, kowa ya gani a talabijin. Har zolaya ake yi a gari cewa an bar noma an koma leƙen gidan maƙwabta.

Ni dai a ganina an fara gina ɗakin ne daga rufi. An yi wa mutane alkawarin lada, ba a yi musu tanadin mafaka ba. Shi kansa wanda ya tsegunta kuɗin Ikoyi sai a ƙarshen shekarar aka biya shi, bayan lauyansa ya yi ta kuka a jaridu. Akwai wani ma'aikaci mai suna Ntia Thompson a wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, wanda ya kai rahoton ɓatan wasu kuɗi a 2016. A watan da aka ƙaddamar da shirin ƙwarmato, a watan aka dakatar da shi, sannan a farkon 2017 aka yi masa ritayar dole, sai da ƙungiyoyi da 'yan jarida suka yi ca kafin a mayar da shi. Kafin shi kuma kowa ya san abin da ya sami Sanusi Lamido Sanusi. Yana gwamnan Babban Banki ya ce akwai biliyoyin dalolin man fetur da ba su shiga asusun gwamnati ba, a watan Fabrairu na 2014 aka dakatar da shi, gwamnati ta ce a kan wasu laifuffukan kashe kuɗi ne daban. To idan mai sa hannu a kan takardar naira bai tsira da kujerarsa ba, ina ga Ladi da ko takardar dindindin ba ta da ita?

Ghana ta yi dokar kare masu ƙwarmato tun 2006. Mu kuwa majalisar dattawa ta amince da ƙudurin a 2017 bai zama doka ba. A Disamba na 2022 majalisar ministoci ta amince da wani sabon daftari, ministar kuɗi ta lokacin Zainab Ahmed da bakinta ta ce shirin ya yi sanyi saboda mutane suna tsoron abin da zai same su. Har aka shiga 2024 maganar daftari ake yi. Ba wai babu komai ba ne a ƙasa. Dokar da ta kafa ICPC a shekarar 2000 ta ce a sakaya sunan mai kawo rahoto, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ita ma ta ba da kariya ga ma'aikacin gwamnati da ya bayyana almundahana ko abin da zai cutar da lafiyar jama'a. Amma wace ma'aikaciyar ƙauye ce aka taɓa zaunar da ita aka karanta mata waɗannan? Kuma wace doka ce za ta hana a yi mata canjin wurin aiki a ce ai tsarin aiki ne?

Sannan shi tukuicin ma, ina ruwansa da irin ɓarnar da mu mata muke gani? Kashi biyar cikin ɗari na kwalin madara nawa ne? Malamin da yake karɓar albashi bai san ƙofar ajinsa ba, da mai canza kwanan wata a jikin maganin da ya lalace, da shugaban makarantar da yake kiran 'yan mata ofis ya rufe ƙofa, duk babu dalar da za a ƙwato a ciki balle a yi kaso. Abin da tukuicin ya ƙara mana shi ne ya ba masu zagi sabon abin faɗa. Da munafuka ake cewa, yanzu an ƙara da kuɗi take nema.

A nan Jigawa ma mun ga alamu. A watan Afrilu na 2024 Gwamna Umar Namadi ya dakatar da kwamishinan ciniki domin a binciki zargin da ya shafi kuɗin ciyarwar azumi a ƙaramar hukumar Babura. Zargi ne fa, dakatarwa ba hukunci ba ce, kuma ni ba alƙaliya ba ce. Abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne magana tana iya tashi daga Babura ta isa Dutse a saurare ta. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jiha. A 2025 gwamnatin jiha ta sanar da cewa tantancewa ta gano ma'aikatan bogi sama da 6,000. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan adadi. Sunan bogi ba ya shiga takardar albashi da ƙafarsa. Akwai wanda ya buga, akwai wanda ya duba, akwai wanda ya sa hannu, akwai na kusa da teburinsu da ya gani ya kau da kai, kowane wata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da aka kawo na'ura daga waje ta nuna yoyon, saboda masu ɗakin duk an ɗinke musu baki.

Na yaba da kafa hukuma, amma hukuma tana Dutse, mace kuwa tana Gwiwa, zuwa da dawowa yini ne cur a motar haya, ga kuɗin mota, ga neman izinin maigida, ga tambayar ina za ki. Idan da gaske ake so ƙananan ma'aikata su yi magana, ba allon sanarwa da akwatin ƙorafi mai tsatsa za a kafa a bakin ofis ba, wanda makullinsa ma yana hannun wanda ake ƙorafi a kansa. A tabbatar takarda ba ta komawa teburin wanda aka kai ƙara. A hana taɓa wanda ya kawo rahoto da canjin wuri ko riƙe albashi har a gama bincike. Kuma a dawo a gaya masa abin da aka yi, domin babu abin da ke kashe gwiwa kamar ki sayar da kwanciyar hankalinki ki ji shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Na san wata za ta ce, to ai akwai masu ƙage. Ƙwarai kuwa akwai su, na san malamar da hassadar abokiyar aiki ta sa aka yi mata sharrin cin kuɗin jarrabawa, ta yi shekara tana wanke kanta. Ƙazafi babban zunubi ne, kuma ita dokar ICPC ɗin ta tanadi ɗauri ga wanda ya kai rahoton ƙarya da gangan. Amma maganin ƙage bincike ne. Ba a rufe rijiya don wani ya taɓa jefa ƙazanta a ciki. Ita ma mai kai rahoton akwai abin da ya hau kanta. Ta rarrabe abin da ta gani da idonta da abin da aka gaya mata. Ta rubuta rana da lokaci da adadi, kada ta ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya, domin ƙari ɗaya ya isa a watsar da gaskiya goma. Ta ajiye kwafi a wurin da ba ofis ba. Idan akwai wata da ta gani tare da ita, su tafi su biyu. Kuma kada ta fara da Facebook, inda za a yi kwana uku ana zage-zage a watse, ita kuma a bar ta da sammaci.

Sai ku matan ma'aikata, ku ma ga naku. Mijinki yana mataki na bakwai, kin san albashinsa, amma a shekara ɗaya ya canza miki kujeru sau biyu, kin taɓa tambaya? Ko kuwa guɗa kika yi kika kira ƙawaye su zo gani? Ɗaya ɓangaren kuma, ranar da ya shigo gida jiki a sanyaye ya ce an kawo masa takarda ya sa hannu a kan kayan da ba a kawo ba, me kika ce masa? Da yawanmu cewa muke yi, Malam ka sa kawai, kai kaɗai ne za ka gyara Najeriya? Ka dubi yaran nan. Namiji yana iya jure fushin oga, amma da wuya ya jure fushin oga a ofis da gorin mata a gida lokaci ɗaya. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, tukunya ba ta san gaskiya ba, hatsi ta sani. Ni ma da aka zo kaina kun ji abin da na ce wa Ladi.

Ita dai Ladi ba ta bi shawararmu ba. Ta yi wata guda tana rubuta komai a bayan wani tsohon littafin makaranta, ranar da aka sauke kaya, kwali nawa, yara nawa ta auna da hannunta. Sannan ta rubuta takarda ta kai gaba. Bayan mako biyu sai ga takardar tata, da rubutun hannunta da sunanta, a kan teburin mutumin da ta kai ƙara, wai an turo masa ya yi bayani. Ya kira ta ya nuna mata, bai ce komai ba sai murmushi. Wata bai cika ba aka mayar da ita wani asibitin da sai ta hau babur kusan awa guda, a kan hanyar da idan damina ta sauka sai an sauka an tura. Mutumin yana nan a kujerarsa. Abin da ya canza shi ne yanzu mutum biyu ne suke ƙirga kaya su sa hannu, kuma wata abokiyar aikinta ta gaya mata a ɓoye cewa an daina cewa ta ƙare ranar Alhamis.

Ranar sunan da Inna take tsoro kuwa ta zo. Muka shiga gidan kawu, tsakar gida cike da mata, aka amsa sallamarmu ciki-ciki. Ladi ta sami gefen tabarma ta zauna, sai na ga waɗanda ke kusa da ita suna janye jiki ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce za ta duba yaro, waccan ta ce za ta yi alwala. Wata daga bayan ɗaki ta ɗaga murya ta ce a yi hankali da baki yau, akwai 'yan jarida a gidan. Aka kwashe da dariya. Ni ina can cikin manyan mata da kwanon waina a gabana, kuma sai da na yi kusan minti goma ina auna abin da za a ce da ni kafin na ɗauki kwanona na koma kusa da ita. Minti goman nan har yau suna damuna. Can an jima sai ga Inna ta taso da sandarta, ba ta ce wa kowa komai ba, ta zauna a ɗaya gefen.

Na fara sake rubuta littafin nan nawa na biyu daga farko. Mai shagon da yake karɓar littattafaina ya ce in yi tunani, wai masu karatu ba sa son a taɓa musu tauraro, kuma wa zai sayi labarin ma'aikaciyar asibiti da kwalaye. Na ce ya bari mu gani. Da Ladi ta zo hutun ƙarshen mako, ƙafafunta duk jar ƙasa, na nuna mata shafukan farko, na tambaye ta wane suna take so in sa wa yarinyar a wannan karon. Ta karanta a hankali har ƙarshe, ta miƙo mini, ta ce, "Ko wane suna ne ki sa mata, Yaya. Amma don Allah kada ki haukatar da ita."